Shirun Mace a Taron Makaranta

Tun da aka kafa dokar ilimin bai-ɗaya a 2004 karatun firamare ya zama kyauta kuma dole a Nijeriya, amma rufin aji da ruwan sha sau da yawa a wuyan iyaye suke faɗawa. Shi ya sa ake da kwamitin kula da makaranta, inda ake zama da hedimasta, mai unguwa, liman, malamai da wakilan iyaye mata. A nan aka sa ni, ni da wata dattijuwa.

Mun tara ɗan kuɗi. Maza suka ce a yi wa ajujuwa fenti. Shugabanmu ba ya son ƙuri'a, ya ce ƙuri'a takan bar wanda aka kayar da ƙullaci, shi sai bakin kowa ya zo ɗaya. Ya tambaya, "Kowa ya yarda?" Muka sunkuyar da kai. Aka rubuta cewa an amince.

Wallahi daren nan ban runtsa ba. Na san 'yata da ƙawayenta da suka fara al'ada sukan yi kwanaki a gida duk wata, don makarantar ba ta da banɗakin mata. Na tambayi kaina, shin yarda na yi ko kunya?

A zama na gaba na daure na ce, "Alhaji, a gafarce ni, akwai magana." Muryata na rawa na faɗa. Wani ya ce ai an wuce wurin. Liman ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a saurare ta. Sai da aka yi zama uku kafin aka tsaya a kan banɗaki. Wanda ya fi kowa musu, shi ya kawo yashi kyauta.

Kin ga, haɗa baki yana cin lokaci, kuma mai taurin kai ɗaya zai iya riƙe jama'a. Amma babban haɗarinsa shi ne a ƙirga shirun mai kunya a cikin masu yarda. Hakkin shugaba ne ya kira kowa da sunansa ya ji ta bakinsa. Ke kuma da aka ba kujera, amanar yaran unguwa ce a hannunki. Ki yi magana cikin ladabi, amma ki yi.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi, amin.