Ɗana Mai Son Jitar Bes, Zauna Mu Yi Magana

Ɗana, tunda ka nace sai jitar bes, ka zauna mu yi magana kafin ka kai kuɗinka kasuwa. Ka zaɓi kayan kiɗan da ba a tafa wa mai shi. A gidan biki idon jama'a na kan mawaƙi, liƙi ma a goshinsa yake sauka, kuma in an watse ba mai tambayar sunan yaron da ya tsaya can baya kusa da mai ganga. Aikinka irin na azara ne a soro: ba mai shigowa ya yaba mata, amma ita ke riƙe da rufin. Ranar da ka goce, ƙafar masu rawa za ta rikice, su kansu ba za su san dalili ba. In zuciyarka na son a riƙa nuna ka da yatsa, gara ka nemi makirfo tun yanzu. In kuwa za ka iya jin daɗin ɗaukar nauyin wasu, to buɗe kunnenka.

A Daura ba za ka sami masu wannan sana'a da yawa ba, kuma akwai dalili. Tun cikin shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyo. Mutum ɗaya ya zauna gabansa ya fitar da ganga da sarewa da bes duka, sai aka wayi gari ba a neman mai jita. Yau mawaƙi kan zo biki da kiɗansa a filashi, ya miƙa wa DJ, ya hau kai. Ba haka aka taso ba. Marigayi Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya yi waƙoƙin Hausa da cikakkiyar ƙungiya, da jitoci da ƙahoni, kowane sauti da mutumin da ke fitar da shi. A ɓangarenmu abin ya ja baya, ya rage a majami'u da ƙungiyoyin badujala da wasu otal-otal na manyan birane. Amma ka bi hanyar Kongolam ka wuce Matamaye ka shiga Damagaram, ko ka nufi Maraɗi da Yamai, za ka tarar kiɗan hannu bai mutu ba. Nijar ta kafa gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu a 1987, ta buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai a 1989. Ka nemi waƙoƙin Sa'adu Bori na Maraɗi, da na Mali Yaro, da Mamar Kassey, da Tal National, ka sa kunne can ƙasan kiɗan ka ji abin da mai bes ke yi. In Allah ya haɗa ka da ɗaya daga cikin makaɗan can, ka rage tsawo ka gaishe shi, ka roƙi ya nuna maka. Za ka ji yana kiran tsirkiyoyin bes huɗu mi, la, re, sol, alhali a littattafan Ingilishi E, A, D, G aka rubuta. Abu ɗaya ne, ka riƙe duka biyun.

Sai dai babban malaminka yana nan cikin gari, kuma wannan ce maganar da na fi so ta zauna maka. Ranar hawan salla, ko lokacin Sallar Gani a watan Maulidi, ka je ƙofar fada ka tsaya inda ake kaɗa tambari. Ka lura da yadda bugu ɗaya ke shiga ƙirjin mutum kafin kunnensa ya tantance, da yadda makaɗin ke barin fili tsakanin bugu da bugu ba ya gaggawar cike shi. Kakaki da algaita suna ta shawagi a sama, shi yana ƙasa bai motsa ba. Wannan natsuwar ita ake nema a wurin mai bes, kuma yara da yawa sun shekara suna kallon bidiyo a waya ba su same ta ba, domin bidiyon gudun yatsa yake koya musu.

Daga nan ka nemi masu kalangu. Ka zauna kusa da su a wurin biki ko wasan dambe, ka raba kunnenka biyu. Babban kalangu yana magana, makaɗin na matse tsirkiyarsa a hammata yana ɗaga murya yana sauke ta. Ƙaramin kuntuku kuwa ya kama zance ɗaya yana maimaitawa, ba ya gajiya, ba ya ƙari. Wurin zamanka yana tsakanin su biyun: ka riƙe amo kamar kuntuku, ka saki magana jefi-jefi in mawaƙi ya ja numfashi. Ka ɗauko kaset ɗin Alhaji Mamman Shata, ka kunna, ka gwada bin makaɗansa da tsirkiya ɗaya tak har sai ka daina faɗuwa daga kan kiɗan. Zai ɗauke ka watanni. Kar ka ji kunyar haka.

Akwai abin da darussan Turawa ba za su gaya maka ba. Su sun gina kiɗansu a kan muryoyi bakwai da sauye-sauyen haɗin murya, mai bes na bin sauyin daga wannan zuwa wancan. Galibin waƙoƙinmu na gargajiya a kan muryoyi biyar suke tafiya, kuma sau da yawa gindin waƙa ba ya sauyawa daga farko har ƙarshe, zagaye ɗaya ne ake ta juyawa a kansa. Ga kuma bugun nan da ke tafiya uku-uku a kan biyu-biyu, wanda ƙafar Bahaushe ta sani tun yana goye. Sannan harshenmu mai karin sauti ne, muryar mawaƙi na hawa da sauka yadda maganar ta tilasta masa. In ka cusa masa muryar da ba ta cikin biyar ɗin nan, ko ka hau a inda kalmarsa ke sauka, za ka ga ya waiwayo yana neman abin da ya tokare shi. Ka haddace waƙar da bakinka tukuna, da amshinta, sannan ka ɗauki jita.

Yanzu batun kaya. Jitar bes ta lantarki ba tsohuwa ba ce. Leo Fender ya fitar da samfurin Precision a Amurka a 1951, ya biyo da Jazz Bass a 1960, kuma yawancin waɗanda za ka gani a shagunan Sabon Gari a Kano ko kasuwar Alaba a Legas kwaikwayon waɗannan biyun ne. Ba laifi ba ne ka fara da kwaikwayo ko da ta hannu. Sunan da aka liƙa a kanta kar ya ruɗe ka. Ka ɗaga ta ka leƙa wuyanta daga kai zuwa gindi, ka ga ko ya murɗe. Wuyan da ya ɗan lanƙwasa ana gyara shi da sandar ƙarfen da ke cikinsa, wanda ya murɗe kuwa ka ajiye musu kayansu. Ka danna kowace gaɓa ka ji ko tana zizar ƙarfe. Ka jona ta, ka jujjuya maɓallanta, ka girgiza bakin wayar ka ji ko sauti na yankewa. Mai tsirkiya huɗu ta ishe ka. Ka kuma fi karkata ga wadda ba ta cin batir, domin mai batir in ka bar waya a jikinta sai ta shanye shi, kuma a tsakiyar waƙa take mutuwa.

Yanayin ƙasarmu ba ya tausayin katako. Da hunturu iska kan bushe shi har ya tsuke, ka ji bakin ƙarafan wuyan na kartar hannunka. Da damina ya sha danshi ya kumbura, tsirkiya ta canja tsayi. Kar ka bar ta cikin mota a rana, kar ka jingina ta a bango ba jaka. In za ka taɓa sandar wuyan, kwata ɗin juyi ya isa, ka bar ta ta kwana ka sake dubawa. Duk lokacin da ka gama kiɗa ka goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle, don gumi da ƙura su ke kashe su, ga shi sai an je Kano ake samun sababbi.

Kyan sauti kuwa, ɗana, a hannunka yake kafin ya je amfilifaya. Ka ja tsirkiya kusa da gindin jita ka ji ta yi tauri da kaifi, ka matso kusa da wuya ka ji ta yi laushi da kauri. Ka koyi kashe murya kamar yadda ka koyi tayar da ita, domin tsirkiyar da ba ka taɓa ba ma tana gunji in ba ka dafe ta ba, kuma wannan gunjin shi ke dagula kiɗa. Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown, an san shi da barin tsofaffin tsirkiyoyi a jitarsa shekara da shekaru, da ja da yatsa ɗaya. Ka saurari Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley ka ƙirga wuraren da ya yi shiru. Ina faɗa maka wannan ne don na ga yara suna cin bashi su sayi na'urorin canja sauti alhali ba su iya riƙe amo na minti biyar ba, abin yana ɓata mini rai.

Ka san kuma inda sautinka zai je. Tsirkiyarka mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, kuma sifikar wayar hannu ba ta iya fitar da wannan. To mutanenmu a waya suke jin waƙa. In ka murɗe maɓallin ƙasa har ƙarshe ka kashe na tsakiya, a situdiyo za ka ji ƙasa na girgiza, a wayar ɗan acaɓa kuwa ka ɓace ɗungurungum. Ka bar wa muryar tsakiya wuri. Haka a ɗakin taro mai tayil da rufin kwano, sautin ƙasa kan taru a kusurwa ya zama gurnani, don haka ka janye sifika daga lungu ka rage ƙarfi. A fili ƙarƙashin rumfa kuwa ba bangon da zai dawo maka da shi, sai ya watse. Kafin baƙi su iso ka ba wani jitar ya ja, kai ka taka zuwa kujerun baya ka ji da kunnenka.

Maganar wuta ba ta wasa ba ce, kuma a nan ina roƙonka. Kusan duk bikin da za ka je da janareta za a yi shi, ga fanka da firiji da fitilu duk a layi ɗaya. Ka sayi sitabilaiza tun kafin ka sayi takalmin fita. Kar ka jona amfilifaya sai injin ya daidaita, ka kashe ta kafin a kashe shi. Tsirkiyoyin jitarka ƙarfe ne, kuma a haɗe suke da jikin amfilifayar. In wayar da ke kai wuta ƙasa ba ta nan, ka riƙe jita ka taɓa makirfo, jikinka ne zai zama hanya. Haka Les Harvey, wani mai jita ɗan Sikotilan, ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972, jama'a na kallo. In ka ji ɗan cizo a leɓe ko a yatsa, ka ajiye kayan nan take a duba. Kar ka tsaya ba takalmi a kan siminti mai laima. Kunnenka ma ka tausaya masa: in ka dawo gida yana ƙara, ya fara gaya maka ne, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Abin toshe kunne ba shi da tsada.

In an kira ku wasa, ka riga kowa zuwa. Ka zo da waya ta biyu, da tsirkiya ta ajiya, ka saita jitarka ba tare da ka cika wa mutane kunne ba. Ka sami mai fiyano ku yi magana cikin mutunci, ka ce masa: "Yaya, don Allah ka sakar mini hannun hagun nan, ni zan riƙe ƙasa." Ya saba yin aikin shi kaɗai, in ba ku daidaita ba za ku yi ta takun juna. Idonka ya kasance a kan mai ganga, kunnenka a kan mawaƙi. In ya tsaya yana wasa mai biki, ana ta liƙi, kai ka ci gaba da zagayen nan ko da zai kai minti goma, ka sassauta hannu don a ji sunayen da yake kira. Da an kira salla ku tsaya, ku je ku yi, kuma dare in ya raba ku tuna akwai maƙwabta da marasa lafiya. Za a miƙo maka ƙwaya ko kwalbar maganin tari a ce tana ƙara kuzari. Na ga hannaye masu kyau da suka lalace a kan wannan, kuma amon mutum shi ke fara tafiya. Kar ka karɓa, ko daga wa ta fito.

Ka san a garinmu ba kowane gida ke maraba da kiɗa ba, kuma malamai sun yi maganganu a kansa. Kar ka ɓoye wa mahaifanka abin da kake yi. Ka gaya musu inda za ka da wanda za ka bi da lokacin da za ka dawo, in sun hana ka wani wuri ka haƙura da shi. Kuɗi kuma a yanke shi tun a gida: nawa ne kafin alƙalami, nawa ne rabon kowa, liƙi na mawaƙi ne shi kaɗai ko a tara a raba. Ƙungiyoyi da yawa a kan wannan suka watse, ba a kan kiɗa ba. Bukukuwa kuma suna da lokacinsu, in azumi ya kama ko damina ta yi nisa sai ka ji tsit. Saboda haka ka haɗa da wata sana'a, kuma wadda ta fi kusa da kai ita ce gyaran kayan sauti. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya nan a Daura, ga masu gyaran rediyo a kasuwa. Ka koyi riƙe ƙarfen dalma da auna wuta. Masallatai da makarantu da masu haya da lasifika duk suna neman wanda zai duba musu amfilifaya, kuma taka in ta lalace ba sai ka ɗauke ta zuwa Kano ba.