Wa Ya Fara Kauce Hanya?

A da, idan yaro ya yi ba daidai ba, kowane babba a unguwa yana iya tsawata masa, domin ɗa na kowa ne. Yau garuruwanmu sun cika sun batse, maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, waya kuma kullum tana nuna wa matashi dukiyar da hannunsa ba ya kaiwa.

A 1938, masanin zamantakewa Robert Merton ya nazarci Amurka, ya nuna cewa idan al'umma ta ɗora wa kowa burin yin arziki, sannan ta toshe wa da yawa hanyar halas, wasu za su bi ta ɓarauniyar hanya.

Mu dubi kanmu. Muna tsine wa masu ƙwacen waya a titunan Kano, kuma lallai sun cancanci hukunci. Amma wa ke sayen wayar da araha ba tare da tambayar asalinta ba? A wurin biki, wa muke ba kujerar gaba, malamin makaranta ko wanda ya kuɗance dare ɗaya?

Yaranmu suna kallon wanda muke girmamawa. Muddin ba ma tambayar inda kuɗi ya fito, da hannunmu a cikin laifin.