Wanda Ya Tafi da Ɗakinsa, Ya Yi Tafiya Kuwa?

Ran nan na taso daga Kankiya zan koma makaranta a Kano, mu shida ban da direba, biyu gaba huɗu baya, cikin motar da aka ƙera don mutum biyar. Gwiwata na dungurin haɓata, ga buhun gero ya danne mini ƙafa. Ana cikin haka sai abokina, wani ɗan Kusada, ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata mota ce irin ta Turawa, wadda aka yi wa gado da madafi da makewayi, har da tebur na cin abinci. Ya ce, "Ka ga masu tafiya. Mu kam azaba muke sha."

Daidai lokacin muna shiga Gidan Mutum Ɗaya. Na ce masa, "Ai wannan mota taka ita ta fi cancanta da sunan garin nan." Muka yi dariya, amma maganar ba ta bar ni ba.

Irin wannan mota ba sabuwar aba ba ce. Wani kamfani a Amurka mai suna Winnebago ya fara ƙera tasa tun 1966, har sunansa ya kusa zama sunan motar. Mai ita yakan kwashi iyalinsa ya yi wata guda bisa hanya, inda dare ya yi masa nan ne gida. Ba ya sallama a ƙofar kowa, ba ya roƙon ruwan alwala, ba ya cinikin abinci a tasha.

To, kada mai karatu ya zaci zan yabi wahala. Duk wanda ya ga mai jego da jariri a cinya an matse ta tun daga Katsina har Legas, ko tsoho mai ciwon baya ya rasa inda zai miƙe ƙafa, ba zai ce cunkoso makaranta ce ba. Lodin da ya wuce kima ya sha jawo asarar rayuka. Gado ya fi kujera, wannan ba abin gardama ba ne. Tambayata ita ce, mene ne mutum ke biya, ban da kuɗi, in ya sayi tafiyar da ba ya bukatar kowa a cikinta?

Mu ma fa mun san gida mai tafiya. Bafillatanin daji yakan ɗora tabarmi da ƙore da turmi bisa takarkari ko jaki, inda ya sauka matansa su kafa bukka kafin rana ta faɗi. Amma duba, ɗaukar gidan bai raba shi da mutane ba. Sai ya nemi mai gona ya sauka a gonarsa bayan kaka, shanu su ci kara su bar taki, mata su shiga gari tallar nono su komo da hatsi. Haka fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro. Sun tafi da guzuri da jakuna, amma kowane zango akwai mai masauki, shi ne dillali, shi ne tafinta, wani lokaci ma ya zama suruki. Zangunan Hausawa da ke Kumasi da Ankara a yau bukata ce ta haife su. Da kowane farke ya tafi cikin akwatinsa ya kulle ƙofa, da goro ya zo, amma da ba a ƙulla zumunta ba.

Da na faɗa wa abokina haka sai ya ce, "Kai dai ka rasa ne, shi ya sa kake cewa ba ka so. Kuma ashe kana so mutum ya tagayyara don kai ka sami ladan saukar baƙo?" Gaskiya wannan ta soke ni. Ba daidai ba ne in so wa wani rashi don in nuna karamci. Sai dai ina ganin ba rashin gado ke mai da mutum baƙo ba.

Ga dalilina. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya yi niyyar tafiyar mil 48 yana yin ƙasaru, yana kuma iya ajiye azumi ya rama. Malaman usulu suka ce hukuncin an rataya shi ne ga tafiyar kanta, ba ga yawan wahala ba, domin wahala ba ta da ma'auni guda. Watau mai jirgin sama da mai jaki duk matafiya ne. Haka kuma cikin mutum takwas da ake ba zakka akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa, ko da kuwa attajiri ne a garinsu. Me ya rasa ke nan? Ya rasa waɗanda suka san shi. Wannan kuwa babu motar da ke da wurin ɗaukarsa.

Saboda haka mai mota mai ɗaki yana nan baƙo, motar ɓoye masa baƙuncin kawai take yi, har ranar da ta lalace. A ƙasarmu ma ba sai ta lalace ba. Yadda 'yan bindiga suka addabi sassan Jihar Katsina a shekarun nan, wa zai faka a dokar daji ya ja bargo? Dole ya shigo gari ya nemi ƙofar gidan mai unguwa. Barci mai daɗi ba daga katifa yake zuwa ba, daga maƙwabta ne.

Mun wuce Tsanyawa kaɗan taya ta yi faci. Wani dattijo da ke sheƙar gero a bakin hanya ya shimfiɗa mana tabarma, ya aiki yaro ya kawo buta, muka yi la'asar. Har muka tashi bai tambayi sunan kowa ba. Abokina dai ya ce duk da haka in ya yi kuɗi sai ya sayi motar. Na ce to, in ya tashi zuwa Kusada ya biyo ta Kankiya, gadon da ke kusa da taga nawa ne.