Mutum da Ciyawa, Wa Ya Fi Wani?

Mu 'yan adam mu kan taka ciyawa ba mu kula ba, gama a ganinmu mun fi ta nesa. Amma bari mu duba da kyau.

A shekara ta 1665 wani mutumin Ingila, Robert Hooke, ya duba ɓawon itace da madubi mai ƙara girman abu, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Su ne ƙwayoyin halitta. A 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka nuna da irin ƙwayoyin nan aka gina tsiro da dabba duka. Ƙwayar tsiro da ta dabba, kowace tana da tantani kewaye da ita, da cibiya wadda ke riƙe da gadon iyaye. Ashe tubalinmu ɗaya ne da na dawa.

To, ina bambanci? Ƙwayar tsiro tana da katanga mai tauri, tamu ba ta da ita. Cikin ƙwayar ganye kuma akwai koren abu wanda ke haɗa ruwa da iska da ƙarfin hasken rana su zama abinci. Wannan kuwa ƙwayarmu ba ta iya ba, ko da ta sarki ce. Tuwon da mu ke ci, ganye ya yi aikinsa. Naman ma, ciyawa saniya ta ci.

Lalle mun fi tsiro hankali, amma da aikinsa mu ke rayuwa. Ina dalilin girman kai ke nan? Mai ci ba shi da hurumin rena mai ciyad da shi, ko ciyawa ce, balle ɗan'uwanmu manomi.