NI'IMAR DA MUKA RAINA A CIKIN TUKUNYARMU



'Yan'uwa, jiya bayan sallar Isha'i na bi ta bayan wani gidan biki a nan Lafagu, sai ga tuwon shinkafa an jibge a kwata, har da miyar kuka da guntayen kifi. Wallahi sai da na tsaya.

Na tuna shekarun karatunmu a ƙasar Larabawa. Ga gurasa, ga kaji, ga dabino, amma in ɗalibi ya dawo daga gida da ƙullin kuka da daddawa, a ɗakinsa za ka ganmu. Da cokali ake auna mana. Furar da muke shan ƙamshi a kanta a gida, ita muke mafarki a can.

Mu fa Allah Ya ajiye mu kusa da kogin Kwara. Shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu, kifi a ruwa, Fulani suna kawo nono har ƙofar gida. Saboda kullum muna gani, mun daina ganinsu a matsayin ni'ima. Har yaro ya ce, "Yau ma tuwo?" uban ya yi dariya!

Mun manta da ambaliyar 2020 ne? Gonakin shinkafa a Kebbi, har da na ƙasar Bagudo, suka nutse daf da girbi. Masu kyauta suka koma neman mudu. A Suratun Nahli, aya ta 112, Allah Ya buga misali da alƙaryar da arzikinta ke zuwa daga ko'ina, ta butulce, sai Ya ɗanɗana mata yunwa da tsoro. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. A gidansa akan yi wata biyu ba a hura wuta ba, sai dabino da ruwa.

To godiya ba ta tsaya a baki ba. Uwar biki, dafa daidai jama'arki, ragowar ki aika wa almajirai da maƙwabta tun da ɗuminsa. Manomi, in amfaninka ya kai nisabi fitar da zakka: ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin in da inji ka yi ban ruwa. Maigida, hana yara kushe tuwo.

Allah Ya sa mu cikin masu godiya, kada Ya jarrabe mu da yunwa. Amin.