Zuciya Ma Tana Bukatar Abinci

Karatu: Karin Magana 4:20-27

Ƙaunatacce, ɗora hannu a ƙirjinka. Abin da kake ji yana motsi bai wuce girman dunƙulen hannunka ba, amma yakan buga kusan sau 100,000 kowace rana. Ɗakuna 4 ne a cikinsa: ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu, na hagu yana watsa shi cikin jiki duka.

Ga abin mamaki: jinin da ke ratsa ɗakunan nan ba shi ke ƙosar da naman zuciya ba. Allah ya yi mata nata ƙananan jijiyoyi. Idan kitse ya toshe su, zuciyar da ke ciyar da kowa sai ta mutu da yunwa.

Kai mai wa'azi, ke 'yar zumunta, kai mawaƙi, Maganar Allah tana ratsa bakinku zuwa ga wasu. Amma yaushe rabonku da durƙusawa ku kaɗai a gabansa? Gaba da ɗan'uwa da zunubin ɓoye, a hankali suke toshe hanya, ba zafi. Kada ka kwana da su yau.

Addu'a: Ya Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe abin da ya toshe a cikina, ka ciyar da ni. A cikin sunan Yesu, Amin.