Bagaden da Ake Sa Cikin Jaka

Da yawa daga cikinmu ibadarmu a unguwa ɗaya take zaune. In muna gida ba ma fashin sujada. Amma da zarar aiki ya kai mutum Legas ko Fatakwal, ko bautar ƙasa ta jefa yaro ƙauyen da babu majami'a, shi ke nan, an naɗe addu'a an ajiye sai an dawo. Na gabanmu a bangaskiya ba haka suka yi da tafiya ba.

A Turai ta zamanin da, firist ba ya yin hidimar Jibin Ubangiji sai a kan bagaden da bishop ya keɓe. To mai kai bishara inda ba a taɓa aza tubalin coci ba fa? Sai aka yi masa ɗan ƙaramin bagade, na dutse ko na katako, ya sa a jaka. Inda ya sauka, ya ɗora shi a kan abin da ya samu, ya jera gurasa da ƙoƙo, jama'a su durƙusa.

Akwai guda a babban cocin Durham a Ingila. An ciro shi daga akwatin gawar Kutbat, bishop na Lindisfan, wanda ya rasu a 687. Katako ne da bai kai allon ɗan makaranta ba, an sassaƙa masa gicciye biyar, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, domin tuna raunukan Yesu. Azurfar da ke jikinsa daga baya aka lulluɓa masa. Kutbat ɗin nan, bawan Allah, yakan taka da ƙafa zuwa ƙauyukan kan duwatsu da masu wa'azi ke gudu saboda talaucinsu, ya yi mako, wani lokaci har wata guda, bai waiwayi gida ba.

Wajen 695 kuma wasu firistoci biyu 'yan Ingila, dukansu sunansu Hewald, ɗaya mai farin gashi ɗaya mai baƙi, suka shiga ƙasar Saksawa a Jamus ta yau. Suka sauka a wani ƙauye suna jiran a kai su gaban sarkin yankin. Baƙi ne, ba su da kowa, amma kullum sai sun rera Zabura sun yi hidima a kan bagaden da suka zo da shi. Abin da ya fallasa su ke nan. Mutanen ƙauyen suka ji tsoron kada su juya zuciyar sarki, suka kashe su, suka jefa gawarwakinsu a kogin Rain. Ɗan'uwa, kai da ka yi wata uku a masauki abokin kwananka bai san ko kai mai bi ne ba, me ya hana ka?

Ai abin daɗaɗɗe ne. Ibrahim ya gina bagade a Shekem, ya yi wani kusa da Betel, ya yi wani a Hebron. Bagaden alfarwa ta sujada ma da zobba da sanduna aka yi shi, don a ɗauka a kafaɗa.

Sai dai kada wani ya ce ya sami hujjar kwanciya ranar Lahadi. A ƙarni na 14 da na 15 sarakai da attajirai sun yi ta neman izinin Paparoma su mallaki irin wannan bagade, firist ya zo ya yi musu hidima a cikin gida. Wasu don tafiya ko ciwo ne, ba musu. Amma abin da aka yi domin wanda coci ya yi wa nisa ya koma hannun wanda coci ke ƙofar gidansa. Mai cewa a waya yake bin sujada alhali lafiyarsa ƙalau, majami'a kuma tana bayan layinsu, sahun waɗannan ya bi.

Ku da rikici ya kora daga garuruwanku, aka ƙone ɗakin sujadarku, kada ku jira sai an sake gini kafin ku taru. Ku share gindin bishiya, ku sa wanda ya iya karatu ya buɗe Littafi. Kai direba, kai soja, ke ɗaliba, kafin ku tashi ku tambayi fastonku inda masu bi ke taruwa a can. In babu, ku nemi mutum ɗaya ko biyu, ku tsayar da rana da lokaci, ku fara a Lahadin farko da saukarku.